Labarin zombi da matasa: ina tsoron yake ɓuya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta ƙagaggen labari ne na ban tsoro domin matasa. Wata ƙwayar cuta ta ɓarke, duk wanda ta kama sai ya rikiɗe ya zama zombi, wato dodo mai cin naman mutane, ɗalibai shida 'yan shekara 15 zuwa 17 suka maƙale a makarantarsu. Waɗanda na ba wa suka duba sun ce akwai gudu da jini amma babu tsoro, wani ma cewa ya yi ta yaya yara za su tsira alhali sojoji sun kasa. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Bari in fara da batun sojojin, don ya fi sauƙi.

Yaranki za su tsira ne saboda ba su aka fara kira ba. Idan annoba ta ɓarke, wa ke rugawa wurin majinyaci? Likita, da ma'aikaciyar jinya, da ɗan sanda, da uwa. Haka abin yake a zahiri ma. A annobar Ebola da ta auka wa Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016, mutum sama da 11,000 ne suka rasu, ciki har da ma'aikatan lafiya fiye da 500, kuma jinya da wankan gawa na cikin manyan hanyoyin da cutar ta bi. To ki sa malaminsu ya kulle su a aji don ya kare su, ya fita duba ɗalibin da ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa, ya kasa dawowa. Wasu marubutan a cikin cutar kanta suke saka amsar. Charlie Higson, a littafinsa The Enemy na 2009, ya sa ta kama waɗanda suka haura shekara 14 kawai, sai yaran Landan suka wayi gari manyansu ne ke farautarsu.

Maganar rashin tsoro kuwa, ko ban ga rubutun ba zan iya cankar inda matsalar take: ina zaton da an ciji mutum a labarinki nan take yake rikiɗewa. Wannan salo ya yaɗu ne bayan fim ɗin 28 Days Later na 2002, inda cutar ke juya mutum cikin daƙiƙu kaɗan ya taso a guje. A fim yana aiki, don ido na son motsi. A takarda kuwa gudu ba ya kaɗa hantar kowa, shafi uku mai karatu ya gaji. Abin da ke hana shi barci shi ne jira.

Dubi abin da George Romero ya yi a Night of the Living Dead a 1968, fim ɗin da ya kawo gawawwaki masu cin naman mutane kamar yadda aka san su yau. Gawawwakin sun kewaye gida, amma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai wata yarinya ce da aka ciza, tana kwance a ɗakin ƙarƙashin gidan, iyayenta na jinyarta. Mai kallo ya san abin da ke tafe, uwar kuma ba za ta iya barin 'yarta ba. A ƙarshe a hannun yarinyar uwar ta mutu. Tazarar da ke tsakanin cizo da rikiɗa, nan ne labarinki yake, kuma ke ce mai iko da tsawonta.

Idan kina son cutar ta yi kama da gaskiya, ki karanta yadda ciwon haukan kare yake. Babu ƙwayar cutar da ke tayar da matacce, amma wannan ita ce ta fi kusa da abin da kike ƙagawa. Ta cizo take shiga, ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizon fuska ko wuya ya fi na ƙafa saurin bayyana. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku tana ɓoye, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Sai zazzaɓi, sai ƙaiƙayi ko zogi a wurin tsohon cizon, sai rikicewa da tsoron ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara. Tun da bakina ya kai nan, in faɗa don kowa ya ji: wannan ta gaske ce, kuma ana iya tare ta. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a yi masa allura tun alamomi ba su fito ba, don in suka fito da wuya a sha.

Yanzu ki ɗauki wannan ki matse shi zuwa kwana biyu. An ciji ɗaya daga cikin shidan a gwiwar hannu lokacin da suke tura tebur suna tokare ƙofa, ba wanda ya gani. Ana zafi, kowa ya naɗe hannun rigarsa, ita kuma sai jan nata take yi ƙasa. Da dare aka zagaya da gorar ruwa ta ƙarshe, kurɓi ɗaya kowa. Da ta iso gare ta sai ta kai baki, maƙogwaronta ya shaƙe, ta miƙa wa na gaba ta ce ba ta jin ƙishi. Aminiyarta ta lura, ta yi shiru. Daga nan mai karatu ya daina damuwa da masu bugun ƙofa, hankalinsa na kan mutum biyu da ke ɓoye magana ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari, sai dai a nan ɗan garin ba mugu ba ne, yarinya ce 'yar shekara 16 da ke tsoron a jefa ta waje.

Wannan ne ya sa nake ganin irin labarin ya fi dacewa da matasa a kan manya. A shekarun nan aboki shi ne duniya, kuma babu abin da ya kai a ware ka ciwo. Ga shi kin ɗora musu hukuncin da ko dattijo zai yi gumi a kansa: a fitar da ita, a ɗaure ta, ko a jira a gani? Kada ki sauƙaƙa musu. Wanda ya ce a fitar da ita ya kasance yana da ƙanensa a ɗakin, don mai karatu ya kasa tsanarsa.

Kafin ki koma kan babi na ɗaya, ki rubuta dokokin cutar a takarda daban. Cizo ne kaɗai ko har da karce? Awa nawa take ɗauka? Waɗanda ta kama rayayyu ne da yunwa za ta iya kashewa, ko matattu? Sauti suke bi ko wari? In kin kafa doka kada ki karya ta don ki ceci wanda kike so, matasa masu karatu ba sa yafe wannan. Ki kuma tuna da ƙananan abubuwa. Mutum ba ya wuce 'yan kwanaki babu ruwa, cajin waya na ƙarewa, mai ciwon asma maganinsa na shaƙa zai ƙare, kuma wataƙila duk cikinsu babu wanda ya iya tuƙi.

Jinin kuma ki rage shi. Masu karatunki akwai 'yan shekara 13 a ciki, kuma ba sai kin zayyana hanji ba. Wuri biyu ko uku a littafin gaba ɗaya sun isa ki nuna abin ƙuru-ƙuru, sauran ki bari yaran su riƙa jiyo shi ta bayan ƙofa.