Tsohuwar Jidda: abin da mai Umra zai gani a Balad cikin yini guda

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ina zaune a unguwar Bagalam. In Allah ya yarda zan raka mahaifiyata Umra a bana, kuma bisa tsarin tafiyarmu za mu yi yini guda a Jidda kafin jirginmu ya tashi. A tafiyata ta baya iyakata kasuwar Bab Sharif, na yi tsaraba na koma masauki, sai daga baya na ji ana cewa akwai tsohon gari mai tarihi a nan kusa. Shin ya cancanci in kai Hajiya can, alhali ƙafarta ba ta jure doguwar tafiya? Me za mu gani, kuma mene ne gaskiyar maganar kabarin Nana Hauwa'u da take son ziyarta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima da kake yi wa mahaifiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Wurin ya cancanci zuwa ƙwarai, kuma ranar da ka yi tsaraba a Bab Sharif kana tsaye ne a bakinsa, domin Bab Sharif sunan ƙofar kudu ce ta tsohuwar ganuwar Jidda. Abin da ke bayan wannan ƙofa shi mutanen garin ke kira Balad, kuma shi ne asalin Jidda tun kafin ta yi faɗin da ake gani yanzu. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya, ta ambace shi da matsayinsa na ƙofar shiga Makka.

Wannan matsayi ya samo asali ne daga zamanin Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, wanda a shekara ta 26 bayan Hijira ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a maimakon tsohuwar tashar Shu'aiba. Tun daga lokacin, har zuwa sa'ad da jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, mafi yawan wanda ya zo aikin Hajji ta teku a nan ya fara taka ƙasar Hijaz. Ganuwar kuwa an gina ta a farkon ƙarni na 16, zamanin Sarkin Masar Kansuh al-Guri, saboda barazanar jiragen yaƙin Fotugal, waɗanda suka zo har gaban garin a 1517 amma suka koma ba su ci shi ba. An rushe ta a 1947 don garin ya samu wurin faɗaɗa, shi ya sa yau ƙofofi da sunayensu kawai za ka tarar, irin su Bab Makka, Bab Jadid da Bab Sharif.

Wani abu da ya kamata ku sani tun daga gida, don kada ranku ya ɓaci, shi ne teku ba ta bakin Balad yanzu. An cike gaɓar da ƙasa an yi tituna da dogayen gine-gine a kai, tashar jiragen ruwa ta zamani kuma tana can gefe, wurin aiki ne da ba a barin mai yawon buɗe ido ya shiga. Abin da ya rage na ruwa kusa da tsohon garin shi ne Tafkin Arba'in da ke arewa maso yammacinsa.

Shawarata ita ce kada ku shiga Balad kuna ta zagaye ba alkibla, domin lungunansa suna da ruɗarwa, Hajiya kuma za ta gaji tun ba ta ga abin da ya kawo ta ba. Ku bi hanyar da alhazan da suka sauka daga jirgin ruwa ke bi, wato daga yamma zuwa gabas: ku fara daga wajen Bab al-Bunt, inda a da ake karɓar masu saukowa daga teku, ku ratsa titin Kabil, ku shiga kasuwar Alawi, ku ɓulla Bab Makka, inda a da ayarin raƙuma ke kama hanyar Makka. Tafiyar ba ta wuce kilomita ɗaya da ƴan kai ba, kuma mafi yawan abin da ya cancanci gani yana kanta ko kusa da ita.

Dalilin da ya sa nake son ku bi wannan hanya shi ne tamu ce. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci daga ƙasar Katsina, Gobir ko Damagaram yakan yi sallama da iyalinsa kamar ba zai dawo ba, ya nufi gabas ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, yana tafe yana tsayawa neman guzuri, wani a gonakin audugar Jazira ta Sudan, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa ya tsallaka. Tafiyar kan ci shekaru, wasu sun rasu a hanya, wasu sun zauna a Sudan, wasu kuma sun iso suka zauna a Hijaz, inda ake kiransu Takarir, kuma har yau akwai iyalai ƴan ƙasar Saudiyya masu sunan Hausawi. Mai yiwuwa Hajiya ta taso ta ji labarin wani kaka ko makwabci da ya yi Hajjin ƙasa. To waɗannan lunguna su ya bi, a wannan kasuwa ya sayi ihraminsa ko ya nemi aikin dako, ta wannan ƙofa ya fita yana talbiyya. Ka gaya mata haka kuna cikin tafiya, za ka ga yadda wurin zai shiga ranta fiye da duk bayanin da ɗan rakiya zai yi mata.

Abin da zai fara ɗaukar hankalinku shi ne gidajen. Dogaye ne, hawa huɗu, biyar, wasu ma fiye, kuma mafi yawan manyan an gina su ne bayan buɗe mashigin Suwes a 1869, lokacin da jiragen ruwa masu tururi suka yawaita kuma fatake daga Hadramaut, Indiya, Masar da Sham suka yi arziki a garin. Ka matsa kusa da bango inda shafen farar ƙasa ya ɓantale ka duba dutsen da kyau: za ka ga yana da ƙananan ramuka, wani wurin har da sauran ɓawon halittun ruwa a jikinsa, domin dutsen murjani ne da aka haƙo daga gaɓar teku. Ba shi da nauyi, yana hana zafi ratsawa, amma ba shi da ƙarfin ɗaukar hawa da yawa shi kaɗai, don haka magina suka riƙa shimfiɗa katako a cikin bangon bayan kowane ƴan layuka, kamar yadda maginanmu ke sa azara a ginin ƙasa, don nauyin ya rarrabu, kuma in wani dutse ya lalace a iya cire shi ba tare da bangon ya zube ba. Iskar teku mai gishiri tana cin wannan dutse, shi ya sa gidan da aka daina shafe shi ba ya daɗewa, kuma za ku ga wasu sun karkata an tokare su.

A fuskar gidajen akwai tagogin katako masu sassaƙa da suka turo waje, wasu kore, wasu shuɗi, wasu launin ƙasa, waɗanda ake kira rawashin. An kawo katakon daga ƙasashen gabas irin su Indiya da Jawa, tunda Hijaz ba ta da dazuka. Aikinsu ya wuce ado: suna shigar da iska suna tare rana, matan gida suna kallon titi ba a ganinsu, kuma a cikinsu ake ajiye tulun ruwa iska ta bi ta kansa ya yi sanyi. A ganina, wanda ya tsaya minti biyar a gaban irin wannan taga guda yana duba yadda aka haɗa ƙananan katakai ya fi wanda ya ɗauki hoton gida ashirin yana sauri.

In gida ɗaya kawai ƙarfin Hajiya zai iya, to ya zama Baitu Nasif, wanda ke kan kasuwar Alawi. An gina shi tsakanin 1872 da 1881 don Umar Nasif, ɗaya daga manyan attajiran garin, kuma a nan Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925 bayan Jidda ta miƙa wuya gare shi. Matakalarsa mai faɗi ce, hawanta kuma a kwance yake ba a tsaye ba, an ce an yi ta haka ne don raƙumi ya iya kai kaya sama, kuma wannan zai sauƙaƙa wa tsohuwa in an buɗe gidan. A ƙofarsa akwai tsohuwar bishiyar bedi, wadda ta sa ake ce masa gida mai bishiya, domin akwai lokacin da samun bishiya a cikin ganuwar Jidda abin mamaki ne saboda ƙarancin ruwa. Akwai wasu gidajen da aka gyara, irin su Baitu Matbuli da Baitu Sharbatli, amma tunda aikin gyaran da gwamnatin Saudiyya ta ƙaddamar a 2021 yana ci gaba, gidan da ke buɗe yau yana iya kasancewa a rufe gobe, don haka ka tambaya a ofishin baƙi da ke wurin da zarar kun isa.

Daga kasuwar Alawi, ɗan karkatawa kaɗan zuwa arewa zai kai ku Masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, wanda ake lissafawa cikin mafi tsufan masallatan garin, mai tsakar gida a buɗe da tsohuwar hasumiya. Ku yi ƙoƙari magariba ta same ku a can. Akwai kuma Masallacin Usman ɗan Affan, wanda ake kira masallacin Abnus saboda ginshiƙai biyu na baƙin katakon abnus da aka san shi da su, waɗanda matafiyin Andalus Ibn Jubair, da ya bi ta Jidda a 1183, ya ambata. Salla a waɗannan masallatai ba ta da wata falala ta musamman irin ta Harami, darajarsu ta tarihi ce.

Wannan ya kawo mu maganar kabarin Nana Hauwa'u. Akwai maƙabarta mai wannan suna a arewa maso gabashin tsohon garin, a wajen inda ganuwa take, kuma tsofaffin matafiya sun ba da labarin wani dogon kabari mai ƙubba a cikinta da jama'a ke jinginawa ga uwar bil'adama. An rushe ƙubbar a ƙarshen shekarun 1920, kuma yau babu wata alama da ta rage sai katangar maƙabarta da ƙofarta. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya tabbatar da inda aka binne ta, labari ne da ya yaɗu a littattafan tarihi, kuma ziyarar wurin ba ta cikin ayyukan Umra. Ƙari a kan haka, a Saudiyya ba a saba barin mata su shiga maƙabarta ba. Ka yi wa Hajiya wannan bayani cikin ladabi tun kafin ku tashi daga Maraɗi, kada ta sa rai ta je ta tarar da ƙofa a rufe. In har tana son ta ga wurin da idonta, direba zai iya bi da ku ta gaban katangar, ta yi wa mamatan Musulmi da ke ciki addu'a ku wuce.

Game da lokaci, kada ku je da hantsi ko tsakar rana. Zafin Jidda ba irin na Maraɗi ba ne, mai laima ne, gumi ba ya bushewa a jiki, kuma yana saurin galabaitar da tsoho ko da yana cikin inuwa. Balad ma kansa ba ya farkawa sosai sai bayan la'asar, ranar Juma'a kuwa da safe kusan ko'ina a rufe yake. Daga Disamba zuwa Fabrairu yanayin ya fi sauƙi, in kuma Umrar azumi ce, to bayan tarawihi ne wurin ke cika, masu soya hanta da masu balila (dafaffen waken Larabawa) da sobiya (wani abin sha mai sanyi) suna ta kiran ciniki, sai dai cunkoson na iya yi wa Hajiya yawa. Motoci ba sa shiga yawancin lungunan, daɓen kuma ba ko'ina yake daidai ba, saboda haka ku taho da keken guragun da kuka yi sa'ayi da shi, da ruwan sha, ku riƙa zama a shagunan shayi da gahawa da ke kan hanya. Ka riƙe takardunku a jikinka, kuma kada ka ɗauki hoton mutane, musamman mata, ba da izininsu ba. Bizar Umra a yanzu tana ba da damar zagayawa cikin ƙasar, amma ka sanar da kamfanin da ya ɗauko ku kafin ku rabu da ayari.

Tsaraba kuwa ba sai na koya wa ɗan kasuwar Maraɗi ciniki ba. A kasuwar Alawi akwai turaren wuta da na jiki, kayan yaji, dabino, jallabiya da carbi, masu zinariya kuma sun fi yawa a kasuwar Nada. Ku bar sayayya sai ƙarshe don kada kaya su hana ku tafiya, ku kuma tuna da nauyin da jirgi ya yarje muku.

In kun fito bayan isha'i da sauran ƙarfi, ku sa direba ya bi da ku ta bakin teku ku ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985, mai cilla ruwa sama fiye da mita 300, ana kuma ganinta sarai daga cikin mota ba sai Hajiya ta sauka ba. Masallacin Rahma da aka gina a kan ruwa yana can nesa a arewacin garin, ba zan ba ku shawarar haɗa shi da Balad a yini guda ba. Filin jirgin sama ma a arewa yake, titunan Jidda kuma suna cushewa da dare, don haka in jirginku na dare ne, ku lissafa lokacin da kamfani ya ce ku hallara, ku ƙara aƙalla awa guda a kai kafin ku tsai da lokacin barin Balad.