Labarun duniya kamar yadda muke jin su a Gadarif

Malam, saƙonka ya iso, na gode da jaje. Ka ce ka ji an ambaci Sudan a rediyo bayan an gama labarin Gaza da na Yukren, hankalinka ya tashi, shi ne kake tambaya me ya hana mu, Hausawan Sudan, mu dawo gida Najeriya, kuma wai har yanzu muna jin Hausa ko aure da Larabawa ya cinye mu. Bari in fara da rediyon.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa taka ƙasar Najeriya ba. Amma kullum da safe, kafin shayi ya huce, sai ya kamo sashen Hausa na BBC, in an gama ya murɗa zuwa rediyon Sudan na Omdurman. Da sojoji suka kifar da Shagari a ƙarshen 1983, a zaurenmu dattawan unguwa suka yini suna musu. Da aka tumɓuke shugaban Sudan Numairi a 1985, su ɗin ne dai suka sake cika zauren. Haka muka tashi, kunne ɗaya a wajenku, ɗaya a nan. Yanzu waya ta gaji rediyo, amma halin bai sake ba. Mun bi cire tallafin mai da Tinubu ya yi, mun bi rikicin sarautar Kano har matasanmu suka rabu biyu a kai. Da aka hamɓarar da Bazoum a Yulin 2023, ECOWAS ta fara maganar tura soja, a masallacinmu an yi addu'a kada Allah ya haɗa Katsina da Maraɗi faɗa. Alhali a lokacin namu yaƙin ya wuce wata uku.

Namu ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, tsakanin sojojin Burhan da dakarun Hamidti. A wajenku minti ɗaya ne a ƙarshen labarai. Mu kuwa da birnin Madani ya faɗi hannun dakarun Hamidti a Disambar wannan shekarar, gidanmu mai ɗaki huɗu ya ɗauki iyalai biyar. Da aka shiga Sinja a Yunin 2024, wasu suka sake kwararowa daga wajen Sinnar, ƙafafu a kumbure, tsofaffi a kan amalanke. Matan unguwa suka ɗora manyan tukwane, abin da ake kira takaya, ba a tambayar mai riƙe da kwano ƙabilarsa. An karɓo Madani a Janairun 2025, Khartoum a Maris, wasu baƙinmu sun koma sun tarar ko ƙyaure ba a bar musu ba. Daga baya kuma Fashir ta faɗi, abin da aka yi wa mutanenta baki ba ya iya faɗa.

Maganar dawowa gida ita ta fi tsaya mini a rai. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, wataƙila ka tuna motocin da suka kwashe ɗaliban Najeriya zuwa iyakar Masar a farkon yaƙin. Waɗancan karatu ya kawo su, fasfonsu kore ne. Mu takardunmu na Sudan ne. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakana daga ƙasar Haɗejiya ya taso a ƙafa da niyyar hajji, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa. Da ya sauke farali ya dawo nan ya yi gonar dawa da riɗi. Kabarinsa yana nan, na ɗansa yana kusa da shi. A Yulin 2022, da aka yi rikici a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta aka kashe 'yan'uwanmu, kalmar da aka riƙa jifanmu da ita ke nan: baƙi ne, su koma inda suka fito. Don haka Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartoum. To ka ga in ɗan'uwa daga Kano ya ce mu koma, ko bai nufa ba, a kan gyambo ya ɗora hannu.

Aure kuwa, e, ana yi. Ƙanwata Balarabe ɗan garin Shendi take aure, mutumin kirki, shi ya ɗauko surukarsa a bayansa lokacin gudu. 'Ya'yanta Larabci ya fi zama a bakinsu, ba zan ɓoye maka ba, kuma abin yana damun Inna. In sun gaishe ta da Larabci takan yi shiru har sai sun durƙusa sun ce ina kwana. Amma yawancinmu a junanmu muke aure, da lefe da kamu da buɗar kai. Kalmomin Larabci sun shiga Hausarmu, kamar yadda nake jin Turanci a bakin yaranku a Facebook, ban kuma taɓa cewa sun daina zama Hausawa ba. Ka zo kasuwar Gadarif da yamma ka ga wa ke gasa agashe, wato tsire, wanda duk Sudan ta san daga hannunmu ya fito.

Inna tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka nawa ake sayar da tiyar gero a Dawanau yanzu, don ta ji a rediyo an ce abinci ya yi tsada a wajenku, tun ranar take ta maimaita zancen.