Amsa: Me ya sa bindigogin wasan bidiyo ba sa aiki kamar na gaske?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da wasannin bidiyo na Yaƙin Duniya na Biyu suke sassauta gaskiya. Ɗauki MG42, bindiga mai sarrafa kanta ta Jamus. Tana fitar da harsashi kusan 1,200 a minti, amma bututunta kan ɗau zafi har sai an canja shi, kuma sai da mai miƙa harsasai a gefe. In an sa duk wannan, rabin wasan jira ne, shi ya sa ake mayar da shi ma'aunin zafi a allo. Wannan na yarda da shi.

Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne yawan harsashi. Kar98k, bindigar sojan Jamus, biyar take ɗauka, kuma sai ka ja ƙarfenta bayan kowane harbi. M1 Garand ta Amurka takwas, tana ɗura kanta. In aka daidaita su, sojan Jamus da na Amurka sun zama ɗaya, dabarar ɓuya da kirdado ta tafi.