Kafin ki ce amin

'Yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya. Da farko dariya na yi, har Gwaggonki ta leƙo tana tambaya lafiya, amma da na sake karantawa sai jikina ya ɗan yi sanyi. Wai kina tambaya ko doka ce a ikilisiya sai an kama littafi ɗaya an bi shi sura-sura har ƙarshe, tunda kin ga ajin bincike na ranar Laraba tun kafin damina suke kan littafin Romawa har yau ba su fita ba, ke kuma kullum da asuba waya tana turo miki aya ɗaya mai daɗi da hoton furanni, kin karanta kin ce amin kin kama hanya kafin gosulo ya rufe Ikorodu Road, to me zai sa a yi ta wahalar da kai. Haka kika rubuta, wahalar da kai. Toh, Allah ya shirya mana ku.

Ni dai ban taɓa ganin takardar da aka rubuta dokar a ciki ba. Haka muka tarar manya na yi, kuma a zamaninmu ba a cika tambayar babba dalili ba, sai dai ka zauna kusa da shi har dalilin ya zo ya same ka.

Na zo Legas ne a 1977, shekarar bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, lokacin nan ce hedikwatar ƙasa, jirgin ƙasa ya sauke mu a Iddo da 'yar jakata da Littafi Mai Tsarki na babana, tsohon juyin nan na 1932 wanda su Likita Mila na Zariya suka yi aikinsa, don sabon juyin da kuka tashi da shi bai shigo hannunmu ba sai wajen 1980. A Agege na sauka, kusa da layin dogo. Ba mu da ginin majami'a na kanmu a lokacin, wani ɗaki ne mai rufin kwano wani Bayarabe mai kirki ya ba mu aro, benci 'yan kaɗan, sauran jama'a a kan tabarma. Masu gadi ne da leburorin Apapa da sojoji da matansu da ke tahowa daga barikin Ikeja, wannan daga kudancin Zariya, wannan daga Filato, wannan daga Gongola, ga 'yan'uwanmu Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina, kowa da yarensa a gida amma Hausa ce ke haɗa mu a ɗakin nan. Mai koyar da mu wani tsoho ne, Baba Mai Bishara kawai muke ce masa, ya daɗe da hutawa yanzu. Idonsa ya fara rauni, ni kuma na gama firamare ina karatu ba gargada, shi ya sa ya ɗora mini karanta wa jama'a, shi kuma ya yi bayani in ya ga dama. Sau da yawa ma ba ya ganin dama, sai ya ce a rufe da addu'a kowa ya je ya kwana da abin da ya ji.

A shekarar da nake ba ki labari, littafin Ayuba Baba ya ce za mu kama. Sura 42 ce fa. Wani soja ya ce Baba ai mun san labarin Ayuba, ya yi haƙuri Allah ya mayar masa da komai riɓi biyu, a ba mu wani. Baba ya ce sannu ba ta hana zuwa sai dai a daɗe ba a je ba, ku da kuka san farko da ƙarshe, wa ya san tsakiya? Kowa ya yi tsit.

Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, mai gadi ne a Apapa, mutum mai shiru-shiru. A wannan shekarar ƙyanda ta shiga gidansu a ƙauye ta ɗauke masa yara biyu, ya tafi gida makoki ya daɗe, ya dawo ya tarar an ba wani aikinsa. Kin san halin mutane. Ba wanda ya fito fili ya faɗa, amma ana ta ƙus-ƙus cewa ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai abin da ya aikata, har wani dattijo ya ja shi gefe bayan sujada ya ce ya binciki kansa ya tuba. Mutumin nan bai daina zuwa ba, kullum yana can baya kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa.

Muka shiga karatu. Sura ta 1 da ta 2 kowa ya san su, dukiya ta tafi, 'ya'ya goma suka mutu rana ɗaya, miyaku suka rufe jikin Ayuba, abokansa uku suka zo, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Daga nan suka buɗe baki. 'Yata, in kika ji maganar mutanen nan sai ki rantse fastoci ne, magana ce mai daɗi, cike da sunan Allah, kowace jimla kamar a rubuta a manna a bango. Da muka zo sura ta 8 inda Bildad ke cewa ko da farkonka ƙanƙane ne ƙarshenka zai yi girma ƙwarai, ɗakin nan ya ɗauki amin gaba ɗaya, mu da muka baro gida da 'yar jaka wa zai ƙi jin haka? Ba wanda ya tsaya a kan aya ta 4 ta wannan surar dai, inda Bildad ɗin nan yake gaya wa uban da ya binne 'ya'ya goma cewa ai zunubinsu ne ya ci su. Ni da nake karantawa na ɗaga ido na ga ɗan'uwan nan ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Baba kuwa bai ce komai ba. Mako ya bi mako, muka zo sura ta 22 inda Elifaz ke cewa abin da ka ƙudura zai tabbata, haske kuma zai haskaka hanyarka, aka sake zuba amin har da tafi, alhali a farkon surar shi Elifaz ɗin ya gama yi wa Ayuba ƙazafi, wai ya hana mai ƙishi ruwa, ya hana mayunwaci abinci, ya kori gwauraye hannu wofi, abin da Ayuba bai taɓa yi ba. Shi kuwa Ayuba in ya buɗe baki yana kuka yana tambayar Allah me ya yi masa, sai ka ga mutane suna muskutawa, wata mata har ta ce a tsallake wurin nan don ya yi kama da saɓo. Baba ya ce ba a tsallake, in Allah bai ji kunyar barin maganar a littafinsa ba, mu ba za mu ji kunyar karanta ta ba.

Daren da muka kai sura ta 42 ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin ruwan Legas ɗin nan da ba ya jin kira, an ɗauke wuta, fitilar ƙwai ɗaya ce a gabana, kwano yana ta ƙara sai da na riƙa ɗaga murya kamar mai shela. Mutane ba su da yawa saboda ruwan, amma ɗan'uwan nan ya zo, jiƙe sharkaf, dattijon nan ma yana nan. Mun riga mun wuce inda wani mai suna Elihu ya yi nasa dogon jawabi, mun wuce inda Ubangiji ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa tun daga sura ta 38. Na karanta ayoyi shida na farko, na shiga ta 7, inda Ubangiji ya juya ga Elifaz ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, su kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, Ayuba ne kuma zai yi musu addu'a kafin a ƙyale su.

Sai na ji murya daga bakin ƙofa, yaro sake karanta wurin nan. Tun da muka fara littafin ban taɓa jin ya yi magana ba. Na sake. Ya ce sake. Na sake karantawa a hankali, ruwa na zuba, ba mai motsi. Sai ya ce, ashe su ne ba su faɗi daidai ba? Ashe mai kukan ne ya faɗi daidai? Ya sa hularsa ya rufe fuska, babban mutum da gemu, kafaɗunsa suna rawa. Dattijon nan ya tashi daga bencin gaba, ya taka har baya ya durƙusa a gabansa a kan jiƙaƙƙen siminti, ban ji abin da ya ce masa ba saboda ƙarar kwano, na dai ga mai gadin ya ɗora masa hannu a kafaɗa suna addu'a tare. Sai a lokacin Baba ya buɗe baki, kuma bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce 'ya'yana, watanni ina jin ku kuna cewa amin ga mutanen da Allah ya yi fushi da maganarsu, na ƙyale ku ne don ku iso nan da ƙafarku. Kafin ka ce amin ka san wa ke magana, da wa yake yi, kuma me ya faɗa kafin nan. Ya ce babansa yakan ce wanda ya shigo ana tsakiyar shari'a ba ya yanke hukunci.

To yanzu ki duba, ayoyin nan biyu na Bildad da Elifaz su nake gani a bayan motocin haya na danfo da kan fosta a Oshodi, ana ihunsu a taron dare kamar alkawarin da Allah ya yi da bakinsa. Ban ce ba gaskiya ko kaɗan a cikinsu ba, Allah yana ɗaga ƙarami, na gani da idona. Amma wanda ya tsince su a waya ba zai taɓa sanin daga bakin wa suka fito ba, kuma ranar da ya ƙudura abu bai tabbata ba, ko ya binne ɗa, zai ce shi ne ba shi da bangaskiya, ko kuma ya ce Allah ya yi masa ƙarya. Abin da ke hana ni barci a kanku kenan. Shaiɗan ma da ya gwada Yesu a jeji ai daga Zabura ta 91 ya ciro aya, yana nan a Matiyu sura ta 4.

Ita ma ayar Irmiya 29:11 da kika sa a hotonki na WhatsApp, mai cewa Allah yana da shiri na alheri dominku, na gani, aya ce mai kyau. Amma kin san wasiƙa ce aka aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila? Aya ɗaya kafin ita an gaya musu sai sun yi shekara 70 a can, kafin nan kuma an ce su gina gidaje su shuka lambuna su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunta su yi masa addu'a. Mu da muka zo Legas da niyyar shekara biyu mu koma, ga shi jikoki sun fi jin Yarabanci a kan Hausa, wannan surar gaba ɗayanta ta riƙe mu, har da wurin da ba daɗi. A da in wasiƙa ta zo daga gida, masu gadin nan sukan kawo mini in karanta musu, ba wanda ya taɓa ce mini yaro buɗe tsakiya ka zaɓo mini layi ɗaya mai daɗi. Daga gaisuwa ake farawa har zuwa sa hannu, don labarin rasuwa da na haihuwa duk a takarda ɗaya suke zuwa. Su ma lambobin surori da ayoyin nan daga baya aka sa su don sauƙin nema, surori wani babban bishop na Ingila ne ya raba su wajen shekara 800 da suka wuce, ayoyin Sabon Alkawari kuma wani Bafaranshe mai buga littattafai ya sa musu lamba a 1551. Bulus bai rubuta wa Romawa aya-aya ba.

Ko maƙwabtanmu Musulmi na Zango ki lura da su, yaro wanke allo yake ya rubuta na gaba har ya sauke, malami kuma in azumi ya zo yakan ɗora tafsiri daga inda ya tsaya bara. Mu ne yanzu muke gaggawa, sujada ta ɗan yi tsawo kowa na duba agogo, matasa kuma ba mai ɗaukar Littafi a hannu, in fasto ya ce a buɗe Habakuk sai ka ga yatsu a kan gilashin waya, daga nan saƙo ya shigo shikenan an tafi. Na san zaman Legas ba sauƙi, kina fita kafin gari ya waye ki dawo bayan duhu, ban raina gajiyarki ba. Amma mai gadin nan tsaye yake kwana.

Ban ce ki goge abin da ke turo miki ayar ba, bar shi. Littattafai 66 ne, kar ki ce za ki fara da Littafin Firistoci ki gaji a hanya ki zo ki ce Kawu ne ya sa ki. Kama Markus, sura 16 ce kawai, ko Rut mai sura 4 wadda za ki iya gamawa a zaune cikin bas ɗin BRT kafin ki kai tashar CMS. Ki nemi ɗan littafin rubutu, duk inda kika tsaya ki rubuta wa ke magana da abin da bai gamsar da ke ba, kar ki tsallake shi. In kin gama ki zo Agege ranar Lahadi bayan sujada da littafin rubutun, ki taho da ƙanenki shi ma, Gwaggonki ta ce za ta yi tuwon masara da miyar kuka. Maganar ko doka ce kuwa, ki tambayi fastonku, shi ya yi makarantar. Ki gaida mamanki, ki ce mata ina nan ina jiran amsar maganar da muka yi kan tafiya gida Kirsimeti.