Shin na'urar tace wuta tana gyara sautin amfilifaya da gaske?

Tambaya: Salam malam. Na haɗa kayan sauti masu tsada a falo, amfilifaya da sifiku biyu da na'urar faifai, amma wani lokacin ina jin wani "huuum" a ƙasa ƙasa, kuma da yamma bes ɗin sai ya yi laushi. Wani ya ce in sayi na'urar tace wuta irin su Furman ko AudioQuest, wai sauti zai buɗe. Gaskiya ne ko ɓarnar kuɗi ce? Daga Kano nake.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Toh, abin da nake so ka fara riƙewa shi ne na'urar tace wuta ba ta ƙara wa sauti daɗin da babu shi tun asali, babban aikinta rage dattin da ke biyo wuta ne. Amfilifayarka ma ba da wutar soket take aiki kai tsaye ba, a cikinta akwai tiransifoma da manyan kafasito da suke juya wutar su tace ta kafin ta isa wajen sauti, shi ya sa a ƙasashen da wutarsu ke tsaye, in an gwada da na'urar awo, bambancin da ake gani a abin da ke fita zuwa sifika ɗan kaɗan ne ko ma babu. Amma mu nan matsalarmu daban ce, kuma tacewa kaɗai ba ta maganinta.

Laushin bes da kake ji da yamma, kusan na tabbata faɗuwar wuta ce. Wutarmu a ƙa'ida bolt 230 ce, amma in magariba ta yi kowa ya kunna esi da firiji da dutsen guga sai ka ga ta sauko 180 ko ƙasa da haka, kuma yawancin manyan amfilifayoyi ƙarfinsu yana bin ƙarfin wutar da aka ba su ne, daga 230 zuwa 180 kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin ya tafi kenan, kai kuma sai ka ƙara murɗa bolum don ka cike giɓin, sautin ya fara fashewa, kuma wallahi wannan fashewar ce ke ƙona ƙananan sifikun da ke fitar da siririn sauti. Tsadaddiyar na'urar tacewa ba za ta ɗaga maka 180 ya koma 230 ba. Sitabilaiza kake buƙata, kuma ka nemi irin wadda ake kira servo, wadda ke daidaita wuta a hankali, ba mai "ƙas ƙas" ɗin nan da ake sa wa firiji ba, don ita duk tsallen da ta yi kana iya jin sa a sifika. Ka sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da kayanka ke ja, in ta yi ƙanƙanta ita ma shaƙe amfilifayar za ta yi.

Shi kuma "huuum" ɗin, kafin ka kashe ko sisi yi wannan gwajin: in dikodarka na haɗe da kayan sautin, cire wayar dish daga bayanta, in ƙarar ta ɗauke to ka kama ɓarawon. Sau da yawa abin daga wayar at ne, wato wayar da ake binnewa a ƙasa, gidajenmu da yawa ko ba a sa ta ba sam ko an sa ta ba a haɗa da kyau ba. Kira mai wayarin ya duba maka, sannan ka jona duk kayan sautin a soket ɗaya, nesa da layin firiji da famfon borehol. Don Allah kar ka yanke ƙafar at ɗin filogi wai don ƙara ta tafi, ranka ya fi sauti.

In kuma ƙarar daga jikin akwatin amfilifayar take fitowa ba daga sifika ba, duba inbatarka. Masu arha ba sa ba da wuta mai santsi irin ta NEPA, tiransifoma na gurnani da zafi a kansu, sai ka nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Ƙaramin janareta ma haka, ga shi gudunsa na hawa da sauka, in motar na'urar faifanka irin mai bin bugun wuta 50 a daƙiƙa ce har saurin waƙar sai ya canza.

A ina na'urar tacewa ke da amfani kenan? A wajen na'urar faifai, don siginar da allura ke fitarwa 'yan milibolt ne, ƙaramin datti daga caja ko fitilar LED na iya shiga. Sannan ga kariya daga wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi da kuma tsawa lokacin damina, wannan kam ni ina ganin ya cancanci kuɗi, ko da yake in hadari ya haɗu sosai cire filogi ya fi komai. In kuma kana da sola da batir da inbata mai kyau, ka gwada jin kayan a kansu na sati ɗaya tukuna kafin ka yi odar komai.