Tsofaffin finafinan waƙa da barkwanci: in nuna wa ɗalibaina?

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata sakandare a Zariya, ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Na tara tsofaffin finafinan Amurka na waƙa da barkwanci don yara su ga yadda ake saƙa rawa cikin labari, sai na ci karo da Bature ya shafe fuska da baƙi yana kwaikwayon baƙar fata. Abin ya tsaya mini a rai. Abokin aikina ya ce haka zamanin yake, kuma tamkar wasan Fulani da Barebari ne. In nuna ko in bari?

Amsa: Malam, kana da gaskiya da ka damu. Ina kyautata zaton Holiday Inn na 1942 ka gani, inda Bing Crosby ya shafa baƙi a waƙar ranar haihuwar tsohon shugaban Amurka Lincoln. In ba shi ba, to Swing Time na 1936 ne, na Fred Astaire.

Batun wasan Fulani da Barebari ba ya ɗaukar lokaci. Babarbare ya tsokani Bafulatani, nan take Bafulatani zai rama, a yi dariya a watse. Wa ya ba baƙar fatan Amurka kyamara ya rama? Dokar tace finafinai ta Hays, wadda aka tsaurara a 1934, ta haramta nuna soyayya tsakanin fari da baƙi. Lena Horne kuwa, mawaƙiya baƙar fata, kamfanin MGM yakan ware waƙoƙinta daga jikin labari, yadda gidajen silima na kudancin ƙasar za su yanke su cikin sauƙi.

Maganar da na gaji da ji ita ce "haka zamanin yake". Kullum sai wani mai sharhi a YouTube, wanda bai taɓa buɗe jaridar wancan lokaci ba, ya maimaita ta da cika baki, wai mutanen wancan zamani ba su ga laifin abin ba, mu ne muka ƙirƙiro ƙorafi. Zamanin wa? A 1942, shekarar da Holiday Inn ya fito, Walter White na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fatan Amurka, ya je Hollywood tare da ɗan siyasa Wendell Willkie, ya zauna da shugabannin kamfanoni yana neman a daina mayar da baƙar fata bayi da wawaye. Kafin nan, a 1940, an fitar da Down Argentine Way don a faranta wa ƙasashen nahiyar Kudancin Amurka rai, aka sa Carmen Miranda 'yar Burazil tana waƙa da harshen Fotugal a fim ɗin da aka ce na Ajantina ne. Ajantina ta hana nuna shi. Tailan ta hana The King and I na 1956 saboda yadda aka mayar da Sarki Mongkut abin dariya. Waɗanda aka zana sun yi magana tun ranar farko, masu kuɗin ne suka toshe kunne. Haɗarin wannan magana a aji shi ne yaro ya tashi da tunanin cewa wanda aka wulaƙanta ya amince da wulaƙancin.

Hannun gwamnati ma a fili yake. Ofishin gwamnatin Amurka da Nelson Rockefeller ya jagoranta daga 1940 yana da sashen finafinai, aikinsa jawo Kudancin Amurka daga jikin Jamus. Tarayyar Sobiyet ta yi nata: fim ɗin waƙa na Ivan Pyryev kan manoman yankin Kuban ya cika allo da kankana da hatsi 'yan shekaru kaɗan bayan yunwar 1946 zuwa 1947. Finafinan Indiya da muka tashi da su ma ba su tsira ba. A Padosan na 1968 ɗan wasa Mehmood ya mayar da malamin kiɗa ɗan kudancin Indiya abin tsokana, daga lafazinsa har tukkunsa.

Ka nuna fim ɗin, amma kada ka yanke wurin kamar yadda wasu tashoshin talabijin na Amurka ke yi, don yankewa wanke kamfanin ne. Ka tsayar da faifan, ka tambayi yara wa ake yi wa dariya, wa ya rubuta, wa aka biya. 'Yan ƙananan aji dai a ɗaga musu ƙafa tukuna. Abokin aikinka kuma ka gayyace shi ya zauna a bayan aji ranar.