Shin ristretto ya fi espresso ƙarfi?

Ɗan'uwa, ka ce a wani gidan kafe an miƙo maka kofi da bai kai kurɓi biyu ba, aka ce ristretto ne, kana tambaya ko cuta ce. Ba cuta ba ce.

Kalmar ta Italiyanci ce, ma'anarta abin da aka taƙaita. A espresso, inji na tura ruwan zafi ta cikin garin kafe da matsi mai ƙarfi na "bar" 9 (ma'aunin matsi ke nan), cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Giram 18 na gari kan fitar da kamar giram 36 na ruwan kafe. A ristretto garin ɗaya ne, amma ana tsayar da ruwan a giram 18 zuwa 25. Tsami da zaƙi su ke fara fitowa, ɗaci ya fi yawa a ƙarshe, kuma ƙarancin ruwan ne ya sa ristretto yake da kauri yana kama harshe. Mu 'yan Damagaram da muka saba da shayin farko a fada mun san wannan kaurin. Sai dai sinadarin kafeyin da ke hana barci bai fi yawa a cikinsa ba, ya ma ɗan ragu.

Ni na fi son sa da waken da aka gasa sosai, ko a haɗa shi da madara. Waken Habasha irin na Yirgacheffe, wanda masu kafe na musamman ke gasawa sama-sama, yakan yi tsami ƙwarai idan an taƙaita ruwan, gara a bar shi ya zuba.

Butar moka, wato ƙaramar butar dafa kafe ta kan wuta, ba ta kai matsin injin espresso, kada ka wahalar da kanka a gida.